Burtalin da Ya Ɓata a Cikin Kwamfuta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta kafin na taɓa ganin kwamfuta da idona. A wani ƙaramin ofishin aikin gona nake a Tudun Wada, ɗaki uku da baranda, ni ne akawu, ni ne kuma mai buga takardu. Duk wasiƙar da za ta fita sai na sa mata takardar kabon biyu, ta fito kwafi uku: ɗaya ta tafi, ɗaya ta shiga fayil, ɗaya ta zauna a durowata. In tafireta ta cije, sai in buɗe ta in ɗiga mata man keken ɗinki, ta ci gaba da aiki. Ban taɓa jin tsoronta ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka aiko mana da kwamfuta daga hedikwata, kwali uku a bayan a-kori-kura. Shugaban ofishinmu mutum ne mai son a ce ya waye. Ya sa aka kwashe kayan ɗakin tsakiya, aka shimfiɗa leda, aka rataya labule, ya kafa doka cewa sai an cire takalmi za a shiga. Ni kuma aka tura ni Kano na yi sati biyu ina koyon yadda ake sarrafa ta.

Abin da na koyo bai taka kara ya karya ba. In ka kunna ta, baƙin allo ne za ka gani, da wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jira ka ba shi umarni da Turanci. Harafi ɗaya ka kuskure, sai ta ce ba ta san zancen ba, kuma ba za ta gaya maka inda ka kuskure ba. Ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙafa da kafa duk ɗaya ne a wurinta, sai dai in riƙa maƙala musu waƙafi a ka don in bambance. Ga wutar lantarki. Sai ka buga shafi uku, kana shirin adanawa, a ɗauke wuta, ka zauna kana kallon fuskarka a cikin gilashin.

Shugaba ya sa mata kalmar sirri, ya ce wannan shi ne tsaro. Sunan 'yarsa ta fari ne, har mai gadi ya sani. Ya kuma sa aka yi wa tagar ɗakin ƙarfuna, aka sa kwaɗo biyu a ƙofa. Duk tunaninmu ɓarawo ta ƙofa yake shigowa. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa abin da zai halaka mu zai iya shigowa a aljihun baƙo, mu kuma mu shimfiɗa masa tabarma.

Babban aikin da aka ba mu a shekarar shi ne rubuta burtalolin shanu da mashayu tun daga dazukan Doguwa har zuwa Kwanar Dangora, saboda gonaki sun fara cin hanyoyin dabbobi, rigima tana yawa. Mutum ɗaya ne ya san hanyoyin nan gaba ɗaya, wani tsohon arɗo da ke zaune da iyalinsa a ruga kusa da duwatsun Doguwa. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Dogo ne siriri, idonsa ɗaya ya fara yin yana, amma kansa garau. Ya san ƙarƙashin tsamiyar da kakansa da kakan wani dagaci suka zauna suka yanka iyaka. Ya san taku nawa ne faɗin hanya a kowane wuri, da rafin da ake shayarwa da rani da wanda ba a kusanta sai an gama girbi.

Wata biyar muka yi muna wannan aiki. In ɗauke shi a bayan babur ɗin ofis, mu bi jeji, ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsaya nan." Sai ya sauka ya nuna mini dutse ko kututturen gawo, ya faɗi sunan wurin da Fulatanci, ya faɗa da Hausa, ya kawo sunayen waɗanda suka shaida. Ni kuma ina rubutawa a littafin makaranta. Littafi huɗu na cika. Na dawo ofis na zauna na zuba su duka a cikin kwamfuta, na kuma kwafe su a faifai biyu, irin ƙananan nan masu kusurwa huɗu da ake zura mata a baki.

Ranar da na gama, Baffa ya zo kasuwa ya biyo ta ofis. Ya cire takalminsa ya shiga ɗakin, na nuna masa rubutun yana gudu a kan allo. Ya daɗe yana kallo.

"Duk maganata tana cikin nan?"

"Duka, Baffa. Ko harafi ɗaya bai faɗi ba."

"Ruwa ba ya jiƙa ta? Gara ba ta ci?"

Shugaba ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, wannan ko jikokin jikokinka za su zo su tarar da shi. Ba ta mantuwa."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce to shi yanzu ya sauke kaya.

Ba mu buga aikin a takarda ba, domin kintinkirin tawadar firinta, injin da ke fitar da rubutu a takarda, ya bushe, an rubuta wa hedikwata ana jira. Na ce a bar ni in buga shi da tafireta kafin nan. Shugaba ya yi dariya, ya ce, "Malam akawu, kai dai ba ka son ci gaba." Ya sa aka kai tafiretar sito, aka haɗa da littattafaina huɗu a cikin wani kwali. Ina tsaye aka ɗauka. Da na ga dama da na zare su na kai gida, ba wanda zai hana ni. Ban yi ba. Wannan laifin nawa ne ni kaɗai, kuma ban taɓa samun wanda zan ɗora wa ba.

Da damina ta yi nisa, wani jami'i ya zo daga hedikwata duba aiki. Ya zaro faifai daga aljihun rigarsa, ya ce yana so ya gyara wani rahoto kafin ya wuce. Muka ba shi kujera, aka kawo masa fura. Bai yi awa ɗaya ba ya gama ya tafi.

Washegari na kunna kwamfuta, ta ƙi tashi. Layi ɗaya na Turanci ta rubuto ta tsaya. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Can ta tashi da ƙyar, sai na yi abin da duk mai tsoro zai yi: na ɗauko faifaina ɗaya na zura, don in tabbatar aikin yana nan. Ta yi ƙara ta tsaya. Na zare na zura na biyun. Daga baya ne aka gaya mini cewa da hannuna na shafa musu cutar, domin abin da ake kira bairos daga faifan baƙon ya shiga injin, daga injin kuma ya shiga duk abin da aka zura masa. A sati biyun da na yi a Kano, ko sau ɗaya ba a ambaci wannan kalma ba.

Sati uku muna jiran mai gyara. Ranar da ya zo kuwa ba na nan, na tafi Bebeji jana'izar ƙanen mahaifiyata. Ya duba ya ce sai an wanke kan injin gaba ɗaya a zuba masa sabon tsari. Ya tambayi shugaba ko akwai wani abu mai muhimmanci a ciki. Shugaba ya ce akwai, amma akawu yana da kwafi har biyu. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya sani ke nan.

Na dawo na tarar da kwamfuta ta zama wata daban. Baƙin allo ya tafi, ga launi, ga 'yan hotuna, ga wani abu mai wutsiya da ake turawa a kan tebur. Shugaba sai murna yake yi. Mai gyaran bai riga ya tafi ba, na miƙa masa faifan biyu. Ya wanke musu cutar, ya ce na farko ya mutu. Na biyun ya buɗe, amma abin da ya fito ba rubutu ba ne. Wasu 'yan akwatuna ne da alamomi, shafi bayan shafi, nan da can sai ka tsinci rabin kalma. Na ga "tsamiy", na ga "rafin", na ga rabin sunan wani dagaci.

"Injiniya, don Allah, babu wata dabara?"

"Wallahi Malam, cutar ta ci rabi. Rabin da ya rage kuma sabon tsarin ba ya karanta rubutun tsohon."

"To a mayar da tsohon mana."

"Ai an daina yayinsa. Ni kaina ba ni da shi."

Na ruga sito. Rufin ya daɗe yana yoyo a daidai kusurwar da aka ajiye kwalin. Da na ɗaga shi, gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta gina gida a ciki, abin da ta bari kuma ruwa ya manne shi ya zama dunƙule. Na zauna a kan buhun taki, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Har yau in na ji ana yabon sabon tsari, ana cewa ya fi na da sauri da kyau, sai in tuna da faifan nan biyu. Masu ƙera waɗannan abubuwa ba su san da mu ba. Suna canjawa ne don kansu, wanda ya zuba amanarsa a cikin na jiya kuwa, shi ya jiyo. Tsaron da suke sayar mana kuma, mai abu yake hanawa shiga, ɓarna kuwa ta san hanyarta.

Kwana tara na yi kafin na iya zuwa rugar Baffa. Na tarar da shi kwance a inuwar bukka, ya rame, zazzaɓi ya daɗe yana cinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

"Ba ku kuka ce ba ta mantuwa ba?"

Kafin in amsa, ya ci gaba.

"Da na sani, da na zaunar da yaran nan na gaya musu. Na ce musu komai yana ofis."

Na zaro sabon littafi daga jaka, na ce mu sake daga farko, ko a zaune ne. Ya yarda. Ya fara daga gindin dutse, ya kawo mashaya ta farko, ta biyu, ta uku. Daga nan sai ya haɗa wani rafi na wajen Kiru da wani na Doguwa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake rikicewa. Ya ce sai yana tsaye a wurin yake tunawa, in bari ya ji sauƙi mu hau babur. Na koma sau biyu. Bai ji sauƙin ba. Kafin a yanke gero ya rasu.

Shekarar da ta biyo baya, wani mai hali ya nome wani yanki na burtalin a kusa da Yako, shanun 'ya'yan Baffa suka bi ta inda suka saba bi, suka shiga cikin dawar da ya shuka. Aka kai magana gaban hakimi. Babban ɗan marigayin ya miƙe ya ce akwai takarda a ofishin gona, mahaifinsu da kansa ya bayar da ita. Aka aiko aka kira ni. Na zo da sabon littafin nan da shafi shida kawai na samu na rubuta a ciki, na tsaya a gaban jama'a na yi bayanin faifai da bairos da sabon tsari. Ina magana ina jin yadda zancen yake fita kamar na wanda ya ci amana yake neman mafita. Wani daga baya ya ce, "An dai saye shi." Hakimi ya tambaye ni ko zan iya rantsewa a kan inda iyakar take. Na tuna akwai kututturen gawo, amma an riga an tone shi, kuma ban iya tuna ko taku arba'in ne daga gabas ko daga yamma ba. Na ce ba zan iya ba. Aka ba mai gona gaskiya.

Bayan girbi ina cikin ƙaramar bas zan je Kano, muka tsaya a Kwanar Dangora ana sauke fasinja. Sai ga garke yana tsallaka titi, mata a baya da ƙore a ka, an ɗaure tabarmi da tukwane a kan bijimai. Na gane babban ɗan Baffa a gaba, da sanda a kafaɗa. Kudu suka nufa, kuma irin kayan da suka ɗauka ba na masu dawowa ba ne. Ya wuce ta daidai tagar da nake zaune, kusa ƙwarai, da na miƙa hannu da na taɓa shi. Na yi niyyar in sauka in yi masa sallama. Direba ya tayar da mota, ni kuma ban ce ya tsaya ba.