Sanarwar Jana'izar Da Ta Jira Hatimi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Illa, mai karanta sanarwa a ƙaramin gidan rediyon garinmu. Duk shekara nakan ce na huce, sai in kunna rediyo in ji abin ya dawo mini ɗanye.

A idon manya aikinsa ba wani abu ba ne. Takarda ce ke fitowa daga buro, wato ofishin hukuma, da Faransanci, shi kuma ya juya ta Hausa don manomin da bai shiga lakol ya yi boko ba. Sai dai yana da wani hali da ya sa abokan aikinsa ke ce masa mai taurin kai: ba ya karanta abin da bai gani ba. In takarda ta ce an kawo allurar dabbobi, sai ya hau motonsa mai ƙafa biyu ya je ya leƙa tukuna. Gani ya kori ji. Shi ya sa daga ƙauyukan Gazawa har Cadawa, in gardama ta kaure a kasuwa wani ya ce, "Illa ya hwaɗi," to magana ta mutu.

Sau ɗaya tak ya saki halin nan. Damina ta kankama, moton ya lalace, aka miƙo masa takarda cewa takin zamani ya iso mangaza, ɗakin ajiyar kayan hukuma, shugaban gidan na tsaye a kansa. Ya karanta. Washegari mutane suka bar noma, suka ɗaura wa jakuna amalanke suka yi sammako, suka tarar da mangaza ko buhu ɗaya babu. Ina wurin wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce, "Illa, da wani ne ya hwaɗi, wallahi ba ni baro gonata. Don kai na taho."

Da maraice ya koma bakin aiki ya ce wa duniya, "Jama'a, jiya na yi maku ƙarya. Ban tai na gani ba. Ku gahwarce ni." Bai zagi kowa ba, bai kama sunan kowa ba. Duk da haka mako bai zagayo ba aka sallame shi, aka kuma kafa doka: ba a sake faɗin komai a gidan sai takarda ta je buro an buga mata hatimi. Wanda ya rubuta ƙaryar kuwa ya ci gaba da juyi a kujerarsa har ya yi ritaya. Wannan shi ne abin da har yau na kasa haɗiyewa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Labari ya yi arha, kowa da wayarsa, saƙon murya na yawo ba uwa ba uba. Rediyoyi sun ƙaru, kowane buro da mai magana da yawunsa, kowace takarda da hatiminta. Amma in manomi ya ji sanarwar hukuma, sai ya kira ɗan'uwansa a Maraɗi ya tambaya ko da gaske ne. Ina jin Illa ba zai yi dogon jawabi ba, makullin moto zai nema.

Bayan kora ya koma gonar geronsa, shekara uku Allah ya yi masa rasuwa. Da safen na kai takardar jana'iza gidan rediyon da ya cinye ƙuruciyarsa. Aka ce sai da hatimi, mai hatimin kuma ya tafi taro. Dokar da aka kafa dominsa ita ta hana a faɗi mutuwarsa. Labari ya bi baki da baki, kafin azahar amalanke da moto sun cika ƙofar gidanmu, har da dattijon nan.

Kwana uku da rufe shi sanarwar ta fito, da hatiminta: za a yi jana'izar Illa yau da azahar. Sun sake yin ƙarya da sunansa, kuma wannan karon babu wanda ya nemi gafara.

Yaya bai bar bene ba, bai bar garke ba, ko muryarsa ba su adana ba. Abin da ya bari na gan shi ranar da sanarwar ta fito. Na zauna ƙofar gida har la'asar ina jiran wanda rediyo zai ruɗa. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Duk sun riga sun zo sun gani.

Allah ya jiƙanka, Yaya.