Hannun Mai Yankan Layya

Mijina ne yake yanka wa mutanen unguwarmu ta Awendjé ragon layya. Tun muna da ƙuruciya haka yake. Ana saukowa daga idi za a yi ta aiko masa, sai la'asar yake shigowa gida.

Da aka gano ciwon daji a huhunsa, likita ta ba shi wata ƙwaya, ɗaya kullum. Tari ya lafa, ya koma cin tuwo. Amma fuskarsa ta feso da ƙuraje, har cikin gemu da fatar kai. Yatsunsa suka tsattsage, gefen farce ya kumbura yana fitar da mugunya. Na tsorata ƙwarai. Likita ta ce aikin maganin ne, ba a ɗauka, ta ba da man shafawa, ta ce kada ya daina sha.

Sallar shekarar ya wasa wuƙa tun jajibere, ya zauna a ƙofar gida. Ba wanda ya aiko. Maƙwabcinmu ya zo wucewa da wani mahauci, ya ce, "Alhaji, so muke ka huta." Mijina ya shigo ya kwanta da rigar idi a jikinsa.

Da wata Sallar layyar ta matso, sai ƙurajen suka bushe, yatsu suka haɗe. Ni na ɗauka addu'a ce da man kaɗanyar da nake shafa masa, har waina na soya na raba sadaka. Ranar idi aka yi ta kiransa. Ya dawo da cinya da hanta yana tsokanata: "Hajiya, kin ga angonki?"

Na ce, "Ango da furfura?"

Bayan Sallah numfashi ya fara gagararsa. Muka hau taksi zuwa asibiti da 'yarmu, wadda take rubuta mini wannan, don ita ke jin Faransanci. Likita ta dubi fuskarsa sumul, ta yi tambaya.

'Yarmu ta ce, "Baba, wai kana shan maganin?"

Ya ce, "Na ajiye tun azumi."

Ni nake miƙa masa ƙwayar da ruwa kowace safiya. Na ce, "Alhaji, ina kake kai ta?"

"Aljihu." Ya dubi yatsunsa. "Ke za ki ci naman da wancan hannun ya yanka?"

An mayar da shi kan magani, amma ciwon ya riga ya bazu. Bai ga watan Mauludi ba. Allah Ya jiƙansa. Har yau ba na iya faɗar wannan ban yi kuka ba.