Kwana Bakwai Inna Ba Ta Yi Nishi Ba

Shekara ɗaya da ba mu jiharmu ta Kebbi na sayi babur, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Maiyama. Da wannan babur ɗin na karya wa Inna ƙafa.

Ranar kasuwar Jega ce, na goyo ta da kwandon daddawarta a cinya. Wata motar albasa na gabanmu tana jan jiki, mutanen garinmu zaune birjik a saman buhuna suna kallona. Ga sabon babur, ga 'yan kallo. Na ce bari su gani. Na murɗa wuta na wuce motar, na faɗa yashin gefen hanya, muka zube. Ni ko ƙwarzanen kirki ban samu ba. Inna kuwa ƙafarta ta dama ta karye a ƙasan gwiwa.

Aka kai ta Aliero gidan wani maɗori, dattijo marar yawan magana. Ya ja ƙafar ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Ya ce ta yi jinya a gidansa, kuma in ta ji ƙashin ya motsa ko zafin ya canza, ta faɗa masa nan take. Yayata ta baro gidan mijinta a Kimba ta zo jinya.

Ni kuma da yake ana hutun makaranta, sai na tare a bakin ƙofar ɗakin na buɗe tawa sana'ar. Duk wanda ya zo dubiya, kafin ya gama sallama na tare shi. "Ni ne! Ni ne shashashan da ya karya uwarsa. Ban da amfani, karatuna ya tashi a banza." Sai a bar Inna kwance a juyo kaina. "Haba Malam, ƙaddara ce." Kawunmu ya zo daga Sabiyal a fusace, ya zo ne ya tambaye ni irin gudun da nake yi. Ban bar shi ya kai ga tambayar ba. Na zagi kaina tas, har na rantse a gaban kowa cewa in ƙafar nan ba ta koma daidai ba, zan shiga duniya, ba wanda zai ƙara ganina. Ƙarshenta Kawu dafa kafaɗata ya yi, yana cewa samun ɗa mai tausayin uwa irina sai an tona. Wallahi sai da na ji sanyi a raina.

Kwanakin farko Inna takan yi nishi. Da ta yi sai in dafe kai in soma. Ita kuma ta ce, "Ba komi, Auta, na ji sauƙi." Daga baya nishin ya ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauka sauƙin ne ya samu.

A kwana na goma maɗori ya kwance ɗauri. Ya shafa ƙafar sau biyu, ya tsaya cak.

"Inna, ƙashin ga ya goce, har ya hwara kamawa a karkace. Yaushe kika ji shi?"

"Tun a kwana na ukku," in ji ta. "Na juya cikin barci, na ji ya motsa."

"Kwana bakwai kina kwance da wanga ciwo? Mi ya hana ki hwaɗi?"

Inna ta juyo da kai. Ni ta kalla.

Innalillahi! Amma ku ji abin kunya: bakina ya riga ya buɗe da kansa, har na ce, "Ni ne..."

"Ga shi nan zai soma!" Yaya ta daka mini tsawa. "Rufa muna baki! Ƙahwarka ta karye ko tata? Kwana goma an zo duba Inna, kai aka duba. Ko ruwa ka taɓa miƙa mata?"

Ko kofi ɗaya ban miƙa ba.

Inna ta ce a hankali, "Ka ce za ka shiga duniya, Auta. Na ce gara ƙahwar."

Ban taɓa jin tsoron kaina irin na wannan lokacin ba. Ashe duk kwanakin nan ni nake ta faɗa, ni, ni, ni, daga safe har yamma. Na kira kaina shashasha, na kira kaina marar amfani, na faɗi komai ban da abu ɗaya da na aikata, wato na yi tsere da motar albasa don a kalle ni. Wannan ko sau ɗaya bai fito daga bakina ba. Na riga kowa zagin kaina, don haka ba wanda ya samu sararin tambayata.

Maɗori ya ce sai an sake ja, kuma ko an ja ba lalle ta koma yadda take ba. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, zo riƙe kahwaɗunta. In ka yi magana in kore ka."

Na durƙusa na riƙe ta. Ashe ta rame haka, ban lura ba. Ya ja, Inna ta ƙwala ihu irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba, ta kira sunan Allah, ta kira uwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Farcenta ya shige hannuna. Na ciji leɓe na yi shiru, ta yi kukanta har ta gaji.

Da ta dawo hayyacinta na ba ta ruwa, na faɗa mata maganar motar albasa a cikin jimla biyu. Ta ce, "Ai na sani, ni ce a bayanka."

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Inna ta ƙara shekara goma sha wani abu a duniya tana ɗingishi, kuma ba ta sake kai daddawa Jega ba.