Alamar Ƙusa a Ƙasan Takalmi

Rumfa ɗaya muke walda da Tsolo tun kafin ya rabu da uwar 'yarsa. Mutum ne da ko ƙarfe aka kawo masa sai ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa kafin ya yarda.

Da alƙali ya ɗora masa ci da suturar yarinyar, bai yi gardama ba. Amma da matar ta auri wani direban bas, sai ya daina ba da kuɗin sutura a hannu. Ya ce ba zai ƙona idonsa a wuta wani ƙato ya zuba mai da guminsa ba. Da kansa yake sayo kaya, kuma duk takalmin da ya saya sai ya gasa ƙusa ya ɗiga alama a ƙasansa.

Yarinyar takan zo ranar hutu. Kafin ya amsa gaisuwarta idonsa na kan ƙafarta, bai kuwa taɓa ganin nasa ba. In ya tambaya, ta ce suna gida. Sai ya fara maganar komawa kotu ya karɓe ta, tunda sayar da kayanta ake yi.

Ranar da muka je kafa ƙofa a layin gidan direban, ya ja ni muka biya. A waje muka tarar da ƙaramar 'yar direban, ta matarsa ta fari, da jan takalmi. Tsolo ya ɗaga ƙafarta kamar mai duba taya. Alamar na nan.

Tsohuwar matar Tsolo ta fito, hannu duk kumfar wanki. Tsolo ya hau ta da faɗa. Ta kira 'yarsa ta ce ta saka takalmin. Diddige ya ƙi shiga.

"Lambar da ka sani ranar da muka bar gidanka ita kake saye har yau," in ji ta. "Ƙafa girma take yi, Malam. Na ƙafarta, direban da kake zagi ne ya saya."

Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Maganar kotu dai ban sake jin ta ba. Da yarinyar ta dawo, ya shimfiɗa kwali ya tsayar da ita, ya zagaye ƙafarta da allin da muke zana ƙarfe. Da ya sayo sabo, na ga ya sa ƙusa a wuta. Na ce har yanzu? Ya ce direba dai direba ne.