Gumbar Kaka

Kakata ta wajen uba ta zo mana Birni a shekarar da damina ta sake cin amanar mutane. Daga wani ƙauye na wajen Durum ta taso a bayan kamyo, babbar motar kaya, Baba ya je tasha ya taro ta. Kayanta duka tabarma ce a naɗe, da ƙwarya, da igiyar akuya babu akuyar. Ina tsaye a ƙofar zaure suka iso. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Kai, na yi asara, ƙafafu kamar na zalɓe." Ni kuwa da yake bakina ba ya mutuwa, na ce, "Tsohuwa, kin zo ki mutu a kusa ne don kada gumbarki ta wuce mu?" Gidan duka aka kwashe da dariya, har Baba, wanda ba ya buɗe haƙora a gaban uwarsa, sai da ya juya baya.

Haka muke da kakanni. Jika ya faɗa wa kakarsa abin da ya ga dama, ta rama, ba mai cewa an yi rashin kunya. In ta mutu kuma, ranar sadaka jikoki su ɗaura zanenta, su kwaikwayi tafiyarta da maganarta, a yi dariya, a raba musu gumba. Ni sunan mijinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana, sai dai Maigida. Lokacin ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, ban kai shekara goma ba, kuma a unguwarmu an san ni da surutu da iya kwaikwayon mutane. Har mushenmu, malamin ajinmu, na taɓa kwaikwaya, na sha dorina a kai.

Baba baduku ne. A shekarar nan fata ta zama banza, don dabbobi faɗuwa suke yi a bakin hanya, amma wa zai sayi jaka ko takalmi da ciki a wofi? Fatu suka taru a zaure suna wari. Girki ya koma sau ɗaya a yini, bayan la'asar. Gero ya ɓace, sai jar dawar taimako da ake rabawa, wadda tuwonta ke tsayawa a maƙogwaro. Inna ce ke rabo: kwanon Baba, kwanon Kaka, nawa, ita kuma ta kankare tukunya.

Ana cikin haka nonon Inna ya ƙafe. Ƙanwata ba ta isa yaye ba, amma dole aka yaye ta, aka kai ta ɗakin Kaka kamar yadda aka saba. Ɗakin yana can ƙuryar gida, a jikin dutsen da katangarmu ta jingina da shi. Inna ba ta shiga, na farko don kunyar suruka, na biyu don uwar da ke yaye ɓuya take yi kada yarinya ta gan ta. Baba kan je da safe ya durƙusa a bakin asabari, kansa a ƙasa, ya gaishe ta ya tashi. Saboda haka duk gidan ni kaɗai ke ganin cikin ɗakin nan, don ni ke kai kwano in ɗauko.

Da farko ban lura da kome ba, ajiyewa nake in fita da gudu in ci nawa. Wata rana na manta murfi na koma. Na tarar da Kaka ta gutsuri tuwon ta jiƙa a ƙwarya, tana murzawa har ya yi laushi, ƙanwata a cinyarta, tana ɗura mata da yatsa. Kunun da ake dama wa yarinyar da safe ruwa ne mai launi, ba ya riƙe ciki. Sauran tuwon ta naɗe a tsumma ta tura ƙarƙashin tabarma, na gobe da hantsi. Sannan ta dangwali miya da yatsa ta shafa a leɓenta, ta miƙo mini kwanon.

"Na ƙoshi, Maigida. Kai musu kwano."

Na ce, "Ba ki ci ba."

Ta ce, "Miji mai leƙen kwanon matarsa, Allah ya raba mu da shi."

Na yi dariya, don na ɗauka na ranar ne kawai. Amma na fara tsayawa a bayan asabari ina leƙe, kuma kullum haka. Abin da ke shiga cikinta ruwa ne da ɗan kanwa, sai ganyen tafasa da take taunawa. Wuyanta ya zama kamar igiya, sai ta riƙa lulluɓa da zane biyu a cikin wannan zafi. Ƙafafunta kuwa suka fara kumbura suna sheƙi.

Na sami Inna a madafa na ce mata Kaka ba ta cin tuwo. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Tsakaninka da matarka ba na shiga. Kwano dai ga shi yana dawowa fes." Na ce wallahi. Ta ce in daina rantsuwa a kan wasa.

Ranar wata Juma'a Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Zango, ta zo gaisuwa. Kaka ta fito bakin ƙofa ta zauna, ta miƙe ƙafa. Goggo ta dubi ƙafafun nan ta ce, "Iye, Iya, Birni ya karɓe ki, har kin fara ƙiba!" Abin ya ƙona mini rai. Na miƙe a tsakar gida, a gaban kowa, na ce, "Ba ƙiba ba ce. Ba ta cin abinci. Mutuwa za ta yi."

Kaka ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce, "Kun ji shi ko? Ya ƙosa. Gumba yake so, ga gero ya yi wuya. Yi haƙuri Maigida, sai an yi girbi zan mutu, don ka sha mai yawa."

Dariyar da aka yi ranar har yau ina jin ta. Goggo har da riƙe ciki. Na ɗaga murya na sake faɗa, aka ƙara dariya, wai na iya wasa kamar gaske. Da na fashe da kuka, sai Goggo ta ce, "To, an kayar da miji, ya koma kuka." Na tsani kowa a gidan nan ranar. Na tsani Goggo da haƙoranta na goro, na tsani Inna, na fi tsanar Kaka, don ita ta san gaskiya nake faɗa.

Ban haƙura ba. Kashegari da na kai kwano, na je zaure na kama hannun Baba na ce sai ya zo ya gani da idonsa. Ya biyo ni don in bar shi ya huta. Amma tsohuwar nan kunnenta ya fi na kowa. Kafin ya durƙusa ta riga ta kai loma baki, tana taunawa a hankali, tana cewa tuwon yau ya yi daɗi. Baba ya sunkuyar da kai, don ba ya kallon uwarsa tana ci. Da muka koma zaure ya murɗe mini kunne, ya ce wasa da kaka yana da iyaka, kada in sake tayar da shi a kan shirme.

Da na koma ɗaukar kwano, Kaka ta ce in zauna. Ba ta ce Maigida ba. Sunana ta kira, sunan mijinta, wanda ban taɓa ji a bakinta ba.

Ta ce, "Kai ba yaro ba ne, tunda kana gani. To ji. In suka yarda da kai, ubanka zai tsaya a kaina sai na cinye. Ita kuma wannan a ba ta me? Uwarka ƙanzo take ci. Ubanka in ya faɗi, gidan ya faɗi. Kwanon nan ba ya ɗaukar mutum biyu. Ni na ci nawa tun kafin a haifi ubanka."

Na ce, "To ku raba."

Ta ce, "Mun gwada. Ba ka ga yadda ta koma ba a farkon zuwanta ɗakin nan?"

Na gani. Na tuna yadda kan yarinyar ya yi mata nauyi, ko kuka ba ta iyawa. Yanzu kuwa tana zaune da kanta tana wasa da igiyar akuyar nan. Na dubi ƙanwata na dubi Kaka, na rasa wadda zan ji haushi. Ba ta sa ni rantsuwa ba, ba ta ce kada in faɗa ba. Ta dai miƙo mini kwano, na karɓa.

Daga ranar na daina faɗa. Sai na koma rage nawa tuwon, ina ɓoyewa a aljihun wandon lakwal in kai mata. Ta karɓa ta gode, ta jiƙa, ta ba yarinyar. Ba a jima ba Inna ta ga miya a aljihuna, ta ga ina tashi da sauri daga kan kwano. Ta ce raina abinci nake yi, wai jar dawa ba ta kai matsayina ba, a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa. Ta zane ni da igiyar guga. Daga nan kullum sai ta tsaya a kaina har in suɗe kwano. Ni aka sa wa ido a kan ci, alhali wadda ba ta ci tana can bayan asabari.

Kaka ta rasu da hantsi, ana sauran kaɗan ruwa ya sauka. Ni na same ta, a jingine da bango, ƙanwata na jan zanenta. Masu wanka suka ce ciwon kumburi ne, wasu suka ce tsufa. Ni ban yi kuka ba. Na ji wata maƙwabciya tana cewa yaron nan zuciyarsa dutse ce, duk shaƙuwarsu ko hawaye babu.

Ranar sadakar bakwai Goggo ta zo da ɗan gero a ƙullin zane, Allah kaɗai ya san inda ta samo shi a Zango. Aka daka, aka yi gumba ƴar kaɗan, don kada a ce an binne tsohuwa ba a yi wa jikoki al'ada ba. Mata suka cika tsakar gida, Baba da ƴan'uwansa suna bakin zaure. Ƴaƴan Goggo suka fara wasa, ɗaya ya ɗauki sanda yana ɗingishi, aka ɗan yi dariya. Ni ina gefe. Goggo ta hango ni ta ce, "Ina angon? Ga gumbar da ka daɗe kana nema. Ko fushi kake don ba ta da yawa?" Aka yi dariya. Wata ta ce ai duk cikinsu ba wanda ya iya Kaka kamar ni. Kafin in gudu an kama ni, an lulluɓa mini zanenta, wanda har lokacin yana warin kanwa da hayaƙi, an danƙa mini dunƙulen gumba a cikin kwanonta.

Na tsaya a tsakiyarsu, raina na tafasa. Kwaikwayo suke so, na ce a zuciyata to za su gani.

Na ja zanen na rufe wuya kamar yadda take yi. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu. Mata suka fara ƙyalƙyala, wai ga zamanta sak. Na jawo ƙwaryar ruwa, na gutsuri gumbar na jiƙa, na murza har ta yi laushi. Na miƙa hannu na ɗauko ƙanwata daga tabarma na ɗora a cinya. Ita kuwa ko gardama ba ta yi ba, ta kwantar da kai ta buɗe baki tun kafin yatsana ya iso, don ta saba. Na ɗura mata har ta kawar da kai. Dariyar ta fara raguwa. Na naɗe sauran a bakin zane na tura ƙarƙashin tabarma. Sannan na dangwali ruwan ƙwaryar na shafa a leɓena, na ɗaga kwanon wofi na miƙa wa Inna, na ce da muryar Kaka:

"Na ƙoshi, Maigida. Kai musu kwano."

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta karɓi kwanon da hannu biyu, tana kallon cikinsa, sannan ta dubi ƙanwata, ta dubi kumatunta. Sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ɗora kwanon a ka kamar mai tare rana, wani irin sauti yana fita daga ƙirjinta wanda ba kuka ba ne. Goggo ta rufe baki da mayafi. Baba ya miƙe ya shige zaure cikin fatunsa, bai fito ba har aka watse.

Ba wanda ya ce mini in yi haƙuri, a gidanmu babba ba ya faɗa wa yaro haka. Da la'asar dai Inna ta zuba tuwo, ta ajiye kwanona a zaure kusa da na Baba, inda maza ke ci. Muka ci. Da muka gama Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da na faɗa muku."