Gashin Mastura Ya Ƙi Zuba

Duk unguwar Ammariyya ta Jidda an san Mastura mai kitso da abu biyu: hannunta da zarginta. Hannun, in ta kama kan amarya ta yi mata shuku, sai a yi sati uku silin gashi ɗaya bai leƙo ba. Zargin kuwa ya girmi hannun. In ka gaishe ta da fara'a, ta ce me kake nema. In ka gaishe ta sama-sama, ta ce wa ya kai maka gulmata. Ko madara ta saya a shagon unguwa sai ta buɗe ta shinshina tun a gaban mai shago.

Ita dai ta ce gado ta yi. Kakanta ya baro Haɗeja da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba, kuma wasiyya ɗaya ya bar wa zuri'arsa: duk wanda ya ce maka "an kusa", ƙara guzuri. A Jidda aka haifi ubanta, a nan aka haife ta, a nan ta haifi 'yarta Shahad, amma har gobe iƙama, takardar izinin zama, take sabuntawa. A takarda baƙuwa ce, Haɗejar kuwa ko a hoto ba ta san ta ba.

Ranar da likita ya ce ciwon daji ne a hanjinta, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ya sake dubawa, ƙila takardar wata ce. Aka sake, tata ce. Inshorar da kafilinta, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, ya yi mata ta iya ciwon kai da mura, amma da ta ji sunan wannan cuta sai ta noƙe. Shahad ce ta yi ta zarya da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, har wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyi. Wata huɗu cur. Aka yi aiki, aka ce saura ƙarin ruwan magani, wanda mutanen nan ke kira kimawi.

A ɗakin kimawi na mata, kujerar Mastura na kusa da ta Ummu Fawaz, 'yar ƙasa daga unguwar Abhur, mace mai ƙiba da son hira, sai dai da ruwan ya fara shiga jikinta barci ke kwashe ta. Tun ranar farko ta shaida wa Mastura da Larabci cewa kwana goma sha biyu ne tsakanin ganinta da likita da zamanta a wannan kujera. Mastura ta ce masha Allah, ta ninke maganar ta ajiye a ranta.

Sai kuma ta lura da magani. Na Ummu Fawaz ja wur kamar zoɓo. Nata fari tas, ba shi da maraba da ruwan famfo. Wannan ma ta ajiye.

A zuwa na uku mayafin Ummu Fawaz ya zame, Mastura ta ga kai tal kamar bayan ƙwarya. Ta koma gida ta kulle ƙofa, ta damƙi nata gashin ta ja. Ko gezau. Ta sa mataji mai ƙananan haƙora ta bi shi lungu-lungu, abin da ya fito bai kai na kullum ba. Shekara arba'in tana cikin kawunan mata, ta san gashin da ke shirin tafiya, nata kuwa zama ya zo yi. A duk Jidda ita kaɗai ce marar lafiyar da ke duba matashi da safe tana fatan ta ga gashi.

"Halas, shi ke nan," ta ce wa Shahad. "Ba na komawa. Ruwa suke ɗura mini. In ruwa ne, ga Zamzam nan a jarka, ya fi nasu albarka."

Shahad tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke ba ta wuya. "Ummi, haram alaiki! Wata huɗu ni ina tafiya, ina roƙo. In kin fasa, wurin ki... yaruh, su ba wani."

"Su ba shi. Ya sha ruwa lafiya."

"Ki tambaya nas ɗin. Ita Hausa ce."

"Ita na fi zargi. Bahaushiyar da za ta soka maka allura tana cewa sori?"

Da ƙyar ta yarda za ta koma sau ɗaya, don dai ta kama su dumu-dumu. Ta zauna a kujerarta, ta cusa hannayenta biyu cikin abaya, ta ɗaure fuska. Kafin nas ta iso, Ummu Fawaz ta matso ta rage murya.

"'Yar'uwa, tsakaninki da Allah, wa kika sani a asibitin nan?"

"Ni? Mai gadi ma sai ya juya iƙamata sau biyu."

"Daina ɓoye mini. Na ga jelar kitsonki ran nan, kamar ta budurwa. Ku da ake biya muku, na waje ake ba ku, mai kyau, wanda ba ya taɓa gashi. Mu 'yan ƙasa da aka ce kyauta ne, ga abin da kyauta ta yi mini." Ta dafa kanta.

Mastura ta saki baki. Tunda take, ba ta taɓa gamuwa da wadda ta riga ta zargi ba. Ta zayyana mata nata lissafin, tun daga launi har matashi. Ummu Fawaz ta saurara, ta ce lallai akwai lauje cikin naɗi, ko da yake ba su daidaita a kan wadda aka cuta ba. Suka yanke shawara: yau musanya za a yi, kowa ta ɗanɗana na 'yar'uwarta.

Nas Ummukulthum, 'yar Katsina ce da ta zo aikin kwantiragi, ta iso da tirenta. Da ta ji buƙatar sai da ta ajiye tiren don dariya. Amma da ta ga hannayen Mastura a cikin abaya, ta ji kuma cewa in ba musanya yau ce ranar ƙarshe, sai ta jawo kujera ta zauna.

"Mama, ciwonku ba ɗaya ba ne. Nata a mama yake, naki a hanji. In na ba ki nata, na cuce ki, ita ma na cuce ta."

"Haka za ki ce mana. Maganin da bai iya tsinke gashi ba, shi zai kashe daji?"

"Naki ba gashi ya fi ci ba. In kin buɗe firji kin taɓa kwalba mai sanyi, me kike ji a yatsunki?"

Mastura ta ƙara cusa hannayenta cikin abaya. Sati uku ke nan yatsunta na tsira mata kamar an watsa allurai, kibiyar kitso na suɓucewa, har amare biyu ta mayar da sunan ba ta da lokaci. Ko Shahad ba ta gaya wa ba, don ta riga ta gano mai laifi: Tahani, wata mai kitso a unguwar Madain Fahd, wadda ta daɗe riƙe da hannunta a wurin wani biki. Turaren tsari babu irin wanda ba ta banka ba.

"Wa ya gaya miki? Tahani ce?"

"Wace ce Tahani? Mama, maganin ne. Aikinsa ke nan."

Mastura ta zaro hannayen a hankali ta dube su. Wani daɗi ya kama ta, irin na wanda ya tabbatar ba a raina shi ba, tsoro kuma ya biyo baya, don da waɗannan yatsu ta ciyar da gida tun rasuwar mijinta. Ta miƙa na hagu.

Ummukulthum na goga auduga ta ce, "Da kin faɗa tun wuri. Kafin in buɗe ruwan sai likita ya gani, ƙila ya rage ƙarfinsa, kada yatsun su mutu."

Hannun ya ɗan ja baya. "Ragewa? Ashe dai ana ragewa!"

"Ana rage wa kowa in jiki ya nuna, Mama. Ba ruwan magani da iƙama."

Mastura ta juya ta fassara wa maƙwabciyarta. Ummu Fawaz ta rantse ita ko ɗigo ba a taɓa rage mata ba, kuma yanzu ma take son jin dalili.

Mastura ta sake miƙa hannun, ta kau da kai daga allurar. "Soka, 'yar Katsina. Likitan kuma nan za ki kawo shi, ba ofis ba, a gaban shaida zan yi magana da shi. Ummu Fawaz, yau kada ki yi mini barcin nan naki."