Malama Sake-Faɗa da karen mai gyaran agogo

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai ba ta taɓa bugawa ba sai ta same ta a aji, tana share allo da tsumman da ta zo da shi daga gida. Sifaniyanci take koyarwa. Ɗalibai suka laƙaba mata Sake-Faɗa, don ko ka faɗi kalma daidai sai ta ce ka sake. A wannan watan ta ajiye alli.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mai gyaran agogon layinsu. Bayan ciwon suga ya ɗauke masa ido, wata ƙungiya ta ba shi karen jagora da aka horar da Sifaniyanci, da sharaɗin mako shida: in kare bai ji maganarsa ba, za a karɓe shi, shi kuma ya koma zaman ɗaki. 'Yarsa ta kwaso kalmomi daga waya. Ya yi ta cewa “túmbate”, wai kwanta, kare na kallonsa kamar an ce masa ya yi karatu.

Malama kuwa tsoron kare ne da ita tun tana ƙarama. Duk da haka da labarin ya iske ta, ta je gidansa. Daga kan benci, ta naɗe ƙafafu, ta tambaya: “A wace ƙasa aka horar da shi?”

“Ba duk Sifaniyancin ɗaya ba ne?” in ji 'yar.

“Haba 'yata! Kare sunansa perro ko'ina, amma ki ce chucho, a wata ƙasa kare ne kawai, a wata kin raina shi. Wannan ba ƙamus ya karanta ba, bakin mai horar da shi ya sani.”

Malama ta rubuta wa ƙungiyar wasiƙa, amsa ta zo: in ana so ya kwanta, “échate” ya saba ji. Sai ta gano wata matsalar, dattijon kunyar ɗaga murya yake a titi.

“Yaya, umarni za ka ba shi, ba roƙo ba. Sake faɗa!”

Kowace safiya kafin aji tana biye da su, taku goma a baya.

Malama, ke ce kika hadiye tsoronki don wani ya fita daga nasa. Uwar haƙuri, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya tafa miki.

Ranar da aka yi mata taron ban kwana, ƙofar aji ta buɗe, sai ga mai agogo da karensa. Titi uku ya tsallako, ba mai riƙe masa hannu. Ya ce, “Na gode, Malama.”

Ta share ido da bakin mayafi. “Sake faɗa.”

To, mun sake: mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk mai wani ɗan sani a ka, ya leƙa layinsu, akwai wanda yake jiransa a ɗaki.